Ku Tambaya Mu Amsa: Me ya sa ake shekaru ba a kama mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai ba?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni da dama kan abu ɗaya suka zo, wato yadda 'yan sandan ciki ke farautar irin mutumin nan da ke bin bayin Allah yana kashewa ɗaya bayan ɗaya, ya kashe yau ya lafa, bayan wata uku ko shekara ya sake. Guda huɗu na ɗauko, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah abin da ke ɗaure min kai shi ne, sai ka ji an ce mutum ɗaya ya kashe mutum goma ko fiye a yanki ɗaya, shekara da shekaru ana nemansa, kuma fa a ƙasashen da suke da kuɗi da kayan aiki. Shin wayo ne ya yi wa makashin yawa ko kuwa 'yan sandan ne ba su san aikinsu ba?
Daga wani ɗalibi a Zariya

AMSA: Ƙanena barka kadai. Ni dai a nawa ganin ba wayo ba ne, yawancinsu ba su da wani wayon a zo a gani. Abin da ya sa kisan nan yake da wuyar bincike shi ne babu alaƙa tsakanin wanda aka kashe da wanda ya kashe. Kisan da aka saba gani, in ka bi dangi da abokai da wanda ake bin sa bashi da wanda aka yi rigimar gona ko ta mace da shi, to da wuya ba ka ci karo da mai laifin ba. Amma wanda ya fito da daddare ya tsinci wadda bai taɓa gani ba a bakin titi, ta ina za ka fara? Sai ka tara bayanai masu yawan gaske, kuma a nan ne ake yin ɓatan kai. Bari in ba ka labarin Peter Sutcliffe na Ingila, domin duk wanda ke son ya fahimci wannan aiki daga nan ya kamata ya fara.

Sutcliffe direban babbar mota ne mazaunin Bradford a yankin Yorkshire, yana da mata yana da gida. Daga watan Oktoban 1975 da ya kashe Wilma McCann a Leeds zuwa Nuwamban 1980 da ya kashe Jacqueline Hill, ɗalibar jami'ar Leeds, mata 13 ya hallaka, wasu 7 kuma ya kai musu hari Allah ya yi da sauran kwanansu. Guduma yake bugawa a ƙeya sannan ya bi da wuƙa ko sukundireba. To ka san sau nawa 'yan sanda suka zauna da shi suka yi masa tambayoyi kafin a kama shi? Sau 9. Wallahi sau 9, kuma kowane karo ya tashi ya koma gida.

Ɗauki na shekarar 1977 misali. A Manchester ya kashe wata mata mai suna Jean Jordan, kuma kafin ya kashe ta ya ba ta sabuwar takardar fam 5, fil daga banki, wadda aka biya shi albashi da ita. Daga baya aka tsinci jakarta da kuɗin a ciki. Masu bincike suka yi aiki mai kyau a nan, suka bi lambar takardar har zuwa rassan wani banki a Shipley da Bingley, suka gano kamfanonin da suka ɗauki kuɗin albashi daga can, suka bi ma'aikata kusan 5,000 ɗaya bayan ɗaya suna tambaya. Sutcliffe yana cikinsu. Ya ce yana gida, iyalinsa suka ce haka ne, aka rubuta aka wuce. Can kuma wata tawagar daban tana tsaye a unguwannin mata masu zaman kansu tana rubuta lambobin motocin da ke yawan zirga-zirga da dare, motarsa ta yi ta fitowa a jerin, su ma suka je suka tambaye shi suka wuce. Matsalar ita ce wanda ya je yau bai san an je jiya ba. Lokacin babu kwamfuta a aikin, komai a kati ake rubutawa da hannu a jera a akwati, katunan suka yi yawan da sai da aka ƙara wa daɓen ɗakin da ake tara su ƙarfi a caji ofis ɗin Millgarth da ke Leeds don kada bene ya rufta. Rahotanni na zuwa sun fi ƙarfin masu karantawa, wasu sai su yi watanni ba a buɗe ba. Amsar tana cikin ɗakin, mai haɗa wannan kati da wancan ne babu.

Sai kuma babban abin takaicin. A 1978 wasiƙu suka fara zuwa daga wani da ke cewa shi ne makashin, a watan Yunin 1979 kuma ya aiko da kaset zuwa ga George Oldfield, babban jami'in da ke jagorantar binciken, yana masa ba'a cewa har yanzu ka kasa kama ni. Muryar da ke kaset ɗin da karin harshen mutanen Sunderland take magana, can arewa maso gabas, nesa da Bradford. Masana harshe na jami'ar Leeds suka saurara suka ce mai maganar ɗan wajen Castletown ne, wata unguwa a Sunderland, amma kuma suka ja kunnen 'yan sanda cewa a yi hattara, mai yiwuwa ɗan wasa da hankali ne kawai. Ba a ji ba. Oldfield ya riga ya sa a ransa cewa wannan shi ne mutumin, aka kashe maƙudan kuɗi ana yaɗa muryar a rediyo da talabijin, har lambar waya aka buɗe da mutum zai kira ya saurara, aka kuma ba da umarni cewa duk wanda ba ya magana da wannan karin harshe ko rubutun hannunsa bai yi daidai da na wasiƙun ba a cire shi daga zargi. An bar jaki ana dukan taiki kenan.

A daidai wannan lokaci, Yulin 1979, wani ƙaramin ɗan sandan ciki mai suna Andrew Laptew ya je gidan Sutcliffe. Ya dawo hankalinsa bai kwanta ba, ya rubuta rahoto cewa mutumin nan fa ya yi kama sosai da zanen fuskar da wata da ta tsira ta siffanta, ga gemu, ga wushirya, ga shi direba, a sake duba shi. Manyansa suka yi watsi da rahoton saboda Sutcliffe da karin Yorkshire yake magana. Bayan zuwan kaset ɗin nan mata 3 ya ƙara kashewa. Har wani abokinsa na kusa ya rubuta wa 'yan sanda wasiƙa a Nuwamban 1980 ya ambaci sunansa, ya kuma taka da ƙafarsa ya je caji ofis, maganar ta nutse a cikin tarin takardu.

Akwai kuma abin da ni ya fi ci min rai a labarin nan. Saboda wasu daga cikin matan farko masu zaman kansu ne, sai 'yan sanda suka yanke cewa makashin karuwai kawai yake bi. Don haka matan da ya kai wa hari suka tsira amma ba karuwai ba ne, har da wata yarinya 'yar shekara 14 da ya buga wa guduma a 1975, ba a sa su cikin lissafi ba, alhali sun ga fuskarsa sun ji muryarsa, kuma sun ce muryar ɗan Yorkshire ce. Sai da ya kashe Jayne MacDonald, 'yar shekara 16 mai aiki a kanti, a 1977, sannan aka fara cewa yanzu ya taɓa wadda ba ta ji ba ba ta gani ba, sai ka ce su na baya jininsu ya halatta. Wilma McCann 'ya'ya 4 ta bari ƙanana. Sai a 2020 rundunar 'yan sandan West Yorkshire ta fito ta nemi gafarar iyalan kan irin kalaman da manyanta suka yi amfani da su a wancan lokaci.

To ya aka yi aka kama shi? Ranar 2 ga Janairun 1981 a Sheffield, wani saja mai suna Robert Ring da wani kurtu da ke koyon aiki suna sintiri suka ga mota a fake a wani lungu da mace a ciki. Suka duba lambar motar, ashe ta jabu ce. Shi ke nan fa, laifin lambar mota. Kafin a tafi da shi ya ce fitsari ya matse shi, aka bar shi ya zagaya. Washegari da sajan ya ji an ce ana ta yi wa mutumin nan tambayoyi kan kashe-kashen, sai ya tuna da fitsarin nan, ya koma wurin ya haska, ya samu guduma da wuƙa a yashe a bayan wani tankin mai. Ranar 4 ga wata Sutcliffe ya amsa. A watan Mayun 1981 kotu ta yi masa ɗaurin rai da rai, a tsare ya mutu a Nuwamban 2020. Shi kuwa mai kaset ɗin, John Humble, sai a 2005 aka gano shi ta hanyar yawun da ya liƙe ambulan da shi, aka ɗaure shi shekara 8 a 2006. Binciken da Lawrence Byford, wani babban jami'i mai sa ido kan aikin 'yan sanda, ya yi kan yadda aka tafka kurakuran nan shi ya kai ga Birtaniya ta samar da tsarin kwamfuta na HOLMES a 1985, wanda ke haɗa bayanan manyan laifuka wuri guda ta yadda suna in ya fito sau biyu za a gani.

TAMBAYA: Malam ni fa gani nake yanzu da aka samu gwajin DNA ai magana ta ƙare, da an samu gawa a yi gwaji kawai a kamo mutum. Ko ba haka ba ne?
Daga wata ma'aikaciyar jinya a Maraɗi

AMSA: Malama da ma haka ne da an huta. Gwajin yana gaya miki cewa wannan jini ko maniyyi ko yawu na mutum kaza ne, amma fa sai in kina da mutumin a hannu ko kuma samfurinsa yana cikin rumbun ajiya, in ba haka ba lamba ce kawai ba suna.

Alec Jeffreys na jami'ar Leicester a Ingila ne ya gano dabarar a 1984, kuma karon farko da aka yi amfani da ita a binciken kisa ba kama mutum ta fara yi ba, kuɓutar da wani ta yi. An kashe 'yan mata biyu 'yan shekara 15 a ƙauyukan kusa da Leicester, ɗaya a 1983 ɗaya a 1986, 'yan sanda suka kama wani yaro ɗan shekara 17 har ya amsa kisa ɗaya da bakinsa. Gwaji ya nuna mutum ɗaya ne ya yi duka biyun kuma ba yaron nan ba ne. Ki duba fa, ya amsa laifin da bai yi ba, shi ya sa ni ba na saurin yarda in an jera mutum gaban 'yan jarida an ce ya amsa. Daga nan aka ɗebi jinin maza kusan 5,000 a yankin ba a samu kowa ba, domin mai laifin, Colin Pitchfork, mai aikin gidan burodi, ya lallaɓi wani abokin aikinsa ya je ya ba da jini da sunansa. Sai da abokin ya yi suɓul da baka a wata mashaya, wata mata ta ji ta kai rahoto, sannan aka kama shi a 1987. Kin ga ko a nan ɗin ma kunnen mutum ne ya ƙarasa aikin.

Gwaji kuma yana iya ɓatar da mutane in an dogara da shi ido rufe. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet an kama Andrei Chikatilo a 1984 a Rostov da wuƙa da igiya a jakarsa, amma aka ce rukunin jininsa A ne, abin da aka samu a jikin gawarwakin kuma AB ne, sai aka cire shi daga zargin kisan. Ya ci gaba da kashe yara da mata har 1990. Kafin nan ma an riga an kashe wani mutum daban bisa hukuncin kotu kan kisan wata yarinya da Chikatilo ya zo ya ce shi ya yi. Abin da ya kawo ƙarshensa, wani ɗan sanda da aka ajiye a wata 'yar tashar jirgin ƙasa ya gan shi ya fito daga daji, ya tsayar da shi ya duba takardunsa ya rubuta sunansa, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawa a dajin, aka koma kan rahoton. A 1992 kotu ta same shi da laifin kashe mutum 52, aka harbe shi a 1994.

Inda zan yarda da ke shi ne tsofaffin shari'o'i. Joseph DeAngelo ya yi fyaɗe da kisa a Kalifoniya ta Amurka tsakanin 1974 da 1986, shi kansa tsohon ɗan sanda ne. Sai a Afrilun 2018 aka kama shi yana ɗan shekara 72, bayan masu bincike sun ɗora samfurin da aka adana tun wancan zamani a shafin GEDmatch inda mutane ke neman danginsu, suka samu 'yan'uwansa na nesa, suka yi ta bin salsala har suka iso kansa, sannan suka tabbatar da wani tsumman takarda da suka ɗauko daga sharar gidansa. Ya amsa kisan mutum 13. Amma ki lura, an yi hakan ne saboda wani ya ɗauki samfurin da kyau ya ajiye shi sama da shekara 30 bai lalace ba. Ke da kike aikin asibiti kin fi ni sanin abin da hakan ke buƙata, ga wuta ga firji ga rajista, ga kuma hana jama'a tattake wurin da aka samu gawa kafin masu bincike su iso.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, irin waɗannan mutane ana iya gane su a fuska ko a ɗabi'a? Ni na ɗauka duk mahaukata ne.
Daga wani tela a Kumasi

AMSA: Ɗan'uwa ba a ganewa, kuma mafi yawansu da hankalinsu garau, sun san abin da suke yi shi ya sa suke ɓoyewa. Dennis Rader na Wichita a jihar Kansas ta Amurka mutum 10 ya kashe daga 1974 zuwa 1991, a tsawon lokacin nan yana da mata da 'ya'ya biyu, ya yi shekaru yana aikin saka wa gidajen mutane ƙararrawar tsaro, daga baya ma har ya zama shugaban kwamitin cocinsu. Son a san shi ne ya kai shi ya baro. A 2004 ya dawo yana aika wa 'yan jarida saƙonni, har ya tambayi 'yan sanda wai in ya aiko da faifan kwamfuta za a iya gano shi? Suka amsa masa ta tallan jarida cewa ba komai. Ya aiko, suka buɗe suka ga sunan cocin da sunan Dennis a ɓoye cikin bayanan fayil ɗin, a Fabrairun 2005 aka kama shi. Don haka dan Allah kada a riƙa ɗora wa masu taɓin hankali da ke yawo a titi ko baƙon da ba a san shi ba a unguwa, sau da yawa irin wannan zargi ne ke jawo a taru a kashe wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

TAMBAYA: Malam gaskiya ni ina ganin wannan duk matsalar Turawa ce, mu nan ba mu da irin wannan, namu 'yan fashi ne da masu garkuwa da matsafa.
Daga wata uwa a Kano

AMSA: Hajiya ina ma a ce haka ne. A 2019 a Fatakwal an yi ta tsintar gawarwakin 'yan mata a ɗakunan otal, an shaƙe su an ɗaure da farin ƙyalle, salo iri ɗaya, mutum ya kama ɗaki ya shiga da mace da dare, da safe ya fita shi kaɗai, sai masu shara su buɗe ƙofa su ga abin da ya faru. An ɗauki makonni ana haka. Da mata suka fito zanga-zanga a watan Satumba, wani babban jami'in ɗan sanda ya ce musu su je su ja wa 'yan mata kunne su daina karuwanci, maganar da ta tayar da ƙura sosai, kuma in kin karanta amsar farko za ki ga irin tunanin da ya ɓata binciken Yorkshire ne sak, a duba wace ce aka kashe kafin a yanke ko ranta ya kai a wahala a kansa.

Abin da ya taimaka kyamarar CCTV ce ta wani otal da ta ɗauki mutumin yana shiga da wata yana fita shi kaɗai, hoton ya bazu a waya, cikin watan nan na Satumba 'yan sanda suka tare motar haya a hanyar zuwa Uyo suka kama Gracious David-West. A Oktoban 2020 babbar kotun jihar Ribas ta same shi da laifin kashe mata 9 ta yanke masa hukuncin kisa. A lokacin rundunar 'yan sandan jihar ta matsa wa masu otal lamba su saka kyamarori su kuma riƙa rubuta bayanan duk wanda ya kama ɗaki.

Ni abin da ke ba ni tsoro a wajenmu, Hajiya, ba wai babu su ba ne, a'a, hanyar ganewa ce ba mu da ita sosai. In an tsinci gawa a wannan ƙaramar hukuma, wata kuma a jihar maƙwabta bayan wata biyu, wa zai zauna ya ce ɗaurin nan iri ɗaya ne? Mu kuma bisa addini da al'ada muna gaggauta sutura, abu ne mai kyau, amma a mutuwar da ke da alamar tambaya ya kamata a bar likita ya duba a ɗauki hoto a rubuta kafin a kai makwanci, awanni kaɗan ne. Ga kuma kunya, yarinya ta tsira daga hannun wani amma gida a ce ta yi shiru kada a ɓata mata suna, alhali ita kaɗai ce ta ga fuskarsa. Ga almajirai da 'yan talla da 'yan aikatau da za su ɓace a yi kwanaki ba wanda ya je caji ofis. In naki ya ɓace kada ki tsaya jiran gobe, ki je da hotonsa na kwanan nan, ki faɗi kayan da ke jikinsa da lambar wayarsa da wanda aka gan shi da shi na ƙarshe, ki tsaya sai an rubuta a littafi a gabanki, ki karɓi sunan jami'in da aka ba shari'ar, in kuma kin ga ana jan ƙafa ki nemi ganin DPO ko ki kai takarda sashen binciken manyan laifuka na hedikwatar jiha.